Bin Sawun Taki Daga Kano Zuwa Sadore

Duk wanda ya bar Kano ta hanyar Katsina a farkon watan Yuni, da ya wuce Dawanau ya doshi Bichi zai ga gonaki sun yi ɗigo-ɗigo baƙi. Tsibin taki ne da aka zuba tun bazara, wasu an baje su, wasu suna nan a tare suna jiran masu gona. Matafiyin da wannan labari ya shafa bai fito don gero ko dawa ba. Ganyayen nan da a da ake tsinkowa kyauta a bayan gari su suka fito da shi, wato gasaya da tafasa da lalo da rukuɓu da karkashi, domin yanzu akwai wuraren da ake shuka su takanas, a zuba musu taki, a nome su kamar kowane amfanin gona. Neman waɗannan wurare ya kai shi har Sadore, kudu da birnin Yamai.

Bai yi nisa ba ya fara ganin alama. Ruwa ya riga ya sauka a ƙasar Bichi, kuma duk gurbin da aka kwashe tsibin taki ya fi sauran gonar kore. Da ya sauka ya duba, ashe ba shuka ba ce, gasaya ce da rukuɓu suka yi cincirindo a wurin. Ga wata dattijuwa a durƙushe tana tsinkar kawunansu tana zubawa a ƙwarya.

"Sannu da aiki, Inna. Ke kika shuka?"

"Yawwa, sannu ɗan nan. Wa ke shuka gasaya? Ai awaki ne suka shuka mana."

Maganarta raha ce, amma tana da tushe. 'Ya'yan rukuɓu ƙanana ne masu tauri, da yawansu sukan ratsa cikin dabba su fito lafiya lau. Na gasaya kuma sukan biyo sharar tsakar gida, inda aka gyara ganye bara aka watsar da karan. Idan suka faɗo a kan taki sun faɗo inda suke so, don ganye ba abin da yake buƙata kamar sinadarin naitirojin, shi ne ke sa shi faɗi da duhun kore. Shi ya sa ba a cika samun gasaya mai kyau a tsakiyar daji ba. A tsohon turke ake samunta, da gefen juji, da inda Fulani suka tashi. Ana ce mata ganyen daji, amma tun fil azal a bayan dabba take tafiya.

Ƙasar Kano kuwa ta daɗe da sanin darajar abin da dabba ta kasayar. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin karkarar da ta kewaye birnin, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, kuma ba ta mutu ba. Abin da ya riƙe ta shi ne awaki da tumakin da ake ɗaurewa a turke duk damina ana yanko musu ciyawa. Kashinsu ya haɗu da toka da shara da ragowar harawa, da rani a loda a mangala a ɗora wa jaki. Jakunan da suka shigo birni da itace ba sa komawa haka nan, da takin birni suke fita. Yau tifa da a-kori-kura sun karɓi yawancin aikin, sai dai takin birnin ya lalace da leda da fasassun kwalabe da tsofaffin batura. Matafiyin ya ga gonakin da leda ta yi wa fari fat kamar an yi shanya. Mai shuka dawa zai iya kawar da kai, amma wanda zai shuka ganyen da ke kwance a ƙasa, a tsinka yau a ci gobe, bai kamata ya kusanci irin wannan taki ba.

Kafin a shiga birnin Katsina ya ratse zuwa Batagarawa. A nan ne Baturiyar nan Polly Hill ta zauna ta yi binciken da ta wallafa a 1972 a kan tattalin arzikin ƙauyen Hausa, kuma cikin abubuwan da suka raba mai hali da talaka a ƙauyen har da yawan takin da mutum ke iya kai wa gonarsa. Har yau haka abin yake. Sai dai akwai wani lissafi da kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba. Yawancin awaki da tumakin gidan Bahaushe na mata ne. Su ke saye da kuɗin sana'arsu, su ke ba su dusa da ruwan tsari. Amma ran da aka zo kwashe turke, takin na maigida ne, gandu zai tafi. Ganyen miya da na kwaɗo kuwa, wanda tsinkarsa da dafa shi da sayar da shi duk aikin mata ne, sai abin da ya zube a hanya. Wannan lissafi ya bi matafiyin har ƙarshen tafiya.

Daga Katsina zuwa Jibiya, a tsallaka iyaka ta Magama, a bi ta Ɗan Isa, sai Maraɗi. Babu abin da ya canza a harshe ko a tukunya, sai kuɗi da suka koma sefa.

A Maraɗi kwaɗo ba abin marmari ba ne, abinci ne sosai. Da hantsi za ka ga 'yan mata da manyan robobi a ka: zogale, tafasa, gasaya, rama, yaɗiya, kowanne an dafa an matse, ga dakakken ƙuli-ƙuli da yaji da albasa da ɗan mai a gefe. Wani ya sa a barbaɗa masa garin rogo, ya ci ya sha ruwa, ya wuce wurin aiki. Gasaya tana da ɗaci, sai an tafasa ta an zubar da ruwan farko, amma masu sonta don ɗacin suke sonta. Likitoci ma ba su da ja a kan waɗannan ganyaye, domin suna ƙara jini, suna da bitamin A da yara ke buƙata don ido da garkuwar jiki, kuma suna fitowa ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba.

Duk da haka akwai tabon da ya manne musu. A matsalar abinci ta 2005, wadda ta fi tsanani a jihohin Maraɗi da Damagaram, hotunan da suka zagaya duniya sun nuna mata suna dafa ganye da 'ya'yan anza a matsayin shaidar yunwa. Yunwar gaskiya ce, yara sun mutu. Amma wanda bai san ƙasar ba sai ya ɗauka duk mai cin tafasa wahala ce ta sa shi, alhali a shekarar ƙoshi ma ana ci, har a yi santi. Irin wannan kallo ne ya daɗe yana sa ma'aikatan gona su fi karkata ga kabeji da latas da karas, su bar abin da ƙasar ta saba da shi.

A lambunan Jiratawa, kudu da Maraɗi, inda ake noman rani a bakin Gulbi, zogale ya daɗe da zama amfanin gona na kuɗi, ana shuka shi layi-layi ana yanka ana kaiwa kasuwa a buhu. A gefensa akwai fangalin alayyafo da na lalo da yakuwa. A nan matafiyin ya ji yadda masu lambu ke rarrabe taki. Kashin kaji ya fi kowanne ƙarfi da saurin aiki, amma yana da zafi, in aka zuba shi ɗanye kusa da ƙaramin tsiro sai ya ƙone shi. Na awaki da tumaki ya fi daɗewa a ƙasa, a hankali yake narkewa, har shuka ta biyu ta ci moriyarsa. Na shanu mai sanyi ne, sai an zuba da yawa. Na jaki shi ne ƙarshen sahu, ga rauni ga ciyawar da yake kawowa. Ba wanda ya karanta wannan a littafi, amma awon ɗakin bincike bai saɓa musu ba.

Idan ana maganar ƙarfi zalla, takin zamani ya yi wa na gargajiya fintinkau. Buhun yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, busasshen kashin shanu kuwa da wuya ya wuce kashi 2. To amma ƙasar jigawa rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe sinadari. Ka zuba mata takin zamani, ruwa biyu masu ƙarfi su wanke shi zuwa inda saiwar ganye ba ta kaiwa. Takin dabba shi ke ba ta jiki, ya sa ta riƙe danshi. Ga kuma tsada. Lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 farashin takin zamani ya yi tashin gwauron zabo a duniya, kuma matar da ke shuka gasaya a bayan ɗaki ba ta cikin masu sayen buhu ko a lokacin araha.

Abin da bai kwanta wa matafiyin a rai ba shi ne gaggawa. Alayyafo cikin wata guda ya isa cira, kuma wasu masu lambun kan watsa ɗanyen kashin kaji a fangali bayan tsiro ya fito, don ganyen ya yi sheƙi kafin ranar kasuwa. Ɗanyen kashi yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa da ƙwan tsutsar ciki. A Amurka, dokar noman da ba a sa masa takin zamani ta ce sai an bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin duk abin da ke taɓa ƙasa. Abin da ke ceton mutanenmu shi ne ba ma cin gasaya ko tafasa ɗanye, sai sun sha wuta. Amma hannun da ya tsinka, da ruwan da aka wanke, da latas ɗin da ke fangali na gaba, duk ba su sha wuta ba. Maganin kuwa ba ya cin kuɗi, lokaci yake ci. A tara takin a rami ko a inuwa, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa, ya yi zafinsa ya huce, sai ya koma baƙi mai laushi, warin ya tafi. Zafin nan yana kashe yawancin cututtukan, ya kashe 'ya'yan ciyawa.

Daga Maraɗi hanya ta miƙe yamma, ta Tibiri da Gidan Rumji. Abin da ke ɗaukar ido a nan itatuwa ne a tsakiyar gonaki, musamman gawo. Yawancinsu ba dasa su aka yi ba, tohon kututture ne da manoma suka daina sarewa suka riƙa gyarawa, dabarar da ake kira sassaben zamani, wadda Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya taimaka wajen yaɗawa a yankin tun 1983. Gawo yana da hali na daban, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Saboda haka da rani dabbobi ke taruwa a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, suna barin kashi da fitsari, da damina kuma rana ta sauka har gindinsa. Mata sun san haka, gindin gawo suke fara dubawa in sun fita neman ganye.

Fitsarin nan ba ƙaramin abu ba ne. Binciken da aka yi a Nijar ya nuna gonar da dabbobi suka kwana a cikinta ta fi wadda aka kwaso mata busasshen kashi, domin kaso mai yawa na naitirojin a fitsari yake fita, shi kuwa ba ya shiga mangala. Wannan ita ce hikimar tsohuwar yarjejeniyar manomi da makiyayi. Bayan girbi Bafulatani ya sauka a gona, shanu su ci kara, su bar taki, mai gona ya ba da dami ko ya bar masa rijiya. Yanzu kara da harawa sun zama kuɗi, ana kwashe su tas a kai gida ko kasuwa, burtali ya ƙuntata, amana ta yi rauni. A wannan yanki ne, a Toda, rikicin 1991 ya ci rayukan Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Ba a lissafa ganye cikin asarar irin wannan rikici, amma duk mashekarin da aka daina sauka, fili ne na gasaya da lalo da ya tafi.

Bayan Madawa da Galmi, garin albasa, sai Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu ta yi arewa. A Badagishiri da Illela ta Nijar damina ba ta kankama ba tukuna, don haka matafiyin ya tarar da aikin da a Kano an riga an wuce lokacinsa. Ƙasar nan faƙo ce, ja, mai tauri, ruwa in ya sauka gudu yake yi. Manoma na haƙa ƙananan ramuka da ake kira tassa, faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin kusan 15, a tara ƙasar da aka fitar a gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki cikin tafin hannu a kowane rami. Gara ce ke ƙarasa aikin. Tana bin takin, ta huda faƙon ta yi hanyoyi a ƙarƙashi, ruwa ya samu inda zai shige. Hekta ɗaya takan ci rami 10,000 ko fiye, aiki ne na karya baya a cikin zafin bazara.

Dabarar ta samu ƙarfi a nan ne bayan da wasu manoman Illela suka ziyarci yankin Yatenga na Burkina Faso a 1989, ƙasar Yakuba Sawadogo, manomin da ya inganta waɗannan ramuka har aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya a 2018, shekara ɗaya da Rinaudo. Da suka dawo suka gwada, abin ya karɓu har aka fara sayen faƙon da a da ko kyauta ba mai so. Darasin tassa ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne ba sai ka rufe gona da taki ba, ka sa ɗan abin da kake da shi daidai inda saiwa take. A Illela gero da dawa ake sa wa ramukan. Tambayar da ta rage ita ce, in aka sa musu ganye fa?

Amsar tana Sadore. Sai an koma babbar hanya, a wuce Birnin Ƙonni da Dogon Dutse da Dosso, a shiga ƙasar Zabarmawa, inda kwaɗo ya koma kopto amma ɗanɗanon bai canza ba. Daga Yamai a haye kogin Kwara a bi hanyar Sayi kimanin kilomita 45, nan cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT take. Wani masani ɗan Isra'ila, Farfesa Dov Pasternak, ya zo nan a 2001, kuma cikin ayyukan da ya bari akwai tsarin farfaɗo da faƙo domin mata. Ana haƙa manyan ramuka masu siffar rabin wata a dasa zogale da magaryar da aka yi wa aure da mai manyan 'ya'ya. A tsakaninsu a jera tassa, a zuba ruɓaɓɓen taki, a shuka kuɓewa da yakuwa da tafasa. Masu binciken sun lura cewa jan faƙon nan ya fi rairayi yumɓu, saboda haka in aka huda shi ruwa ya shiga, ya fi jigawa riƙe danshi.

Zaɓen faƙo ba don ƙasar kaɗai aka yi shi ba. Mace ba ta cika samun gona mai kyau ba, amma faƙo ba mai jayayya a kansa, mai gari zai iya ba ƙungiyar mata ba tare da ran kowa ya ɓaci ba. Kuma tsarin ya nace a rubuta takarda tun farko, don an san halin mutane: ran da faƙo ya yi kore, ranar magadansa ke bayyana.

Tafasa ta dace da wannan wuri. Dabbobi ba su cika cinta tana ɗanya ba, don haka ko shinge ya yi rauni ba a yi asara duka ba. Dangin wake ce, amma ba ta iya samar wa kanta naitirojin daga iska kamar yadda wake da gyaɗa ke yi, shi ya sa ɗan takin nan ke nuna bambanci a jikinta ƙarara. Ana tsinkar ta sau da yawa a damina ɗaya, a shanya rarar a adana, a fitar da rani lokacin da ganye ya yi tsada. A Darfur da gabashin Chadi ma akan daka ganyen a cusa a tulu a binne ya yi kamar mako biyu, a fitar a dunƙula a shanya, ya zama kawal, abin da ke maye gurbin nama a miya. Gasaya ita ma tana da nata sharuɗɗan da mai shuka ya kamata ya sani. Sabon irinta ba ya tsirowa da kyau sai ya kwana wasu watanni a ajiye, kuma in ana tsinke kanta da furenta takan yi rassa ta daɗe tana ba da ganye. A Kenya, inda Farfesa Mary Abukutsa-Onyango ta shafe shekaru tana fafutukar ganyayen gargajiya, gasaya ta shiga manyan kantunan Nairobi, ana sayar da ita a ɗaure kamar kowane kayan lambu.

A ganin matafiyin, ilimin noman waɗannan ganyaye ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Daga Bichi zuwa Sadore bai haɗu da macen da ke buƙatar a koya mata inda gasaya ke so ba. Iri ma yana nan, kowace damina yana zuba da kansa. Abin da ya yi ƙaranci taki ne, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya: marar dabba ba shi da taki, mai dabbar kuma in mace ce ba ita ke da iko da shi ba. Su ma matan da aka ba faƙo sai sun yi ta tsintar kashin shanu a burtali, suna takara da masu neman sa don hura wuta. Hukumomin gona da ƙungiyoyin da ke raba wa mata awaki za su yi aiki mai amfani idan suka haɗa rabon da ɗan fili da koyar da ruɓar da taki. Magidanci kuwa ba sai ya jira hukuma ba. In bazara ta zo za a kwashe turke, ya tuna awakin na wane ne, ya bar wa mai su kasonta kafin amalanke ta iso.